Kafin ki biya kuɗin shafi, ki fara haɗa kundin zanenki

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni mai zane ce, a Zariya nake, shekara biyu ke nan da na gama karatun zane. Ina aiki da akirilik a kan kanbas, yawanci hawan sallah da marina da tsofaffin gine-ginen cikin birni nake zanawa, wani lokaci kuma ina yin zayyana a kan takarda. Duk abin da na yi a Instagram nake sakawa, kuma ana saye jefi-jefi. Kwanaki wata mai gidan baje kolin zane a Legas ta ce in turo mata inda za ta ga kundin ayyukana, na tura mata Instagram ɗina, daga nan shiru. Wani yaro ya ce zai buɗe mini shafin intanet na kaina har da wurin rubuce-rubuce, amma kuɗin da ya faɗa sun yi mini yawa, kuma ba ni da kwamfuta sai waya. Shin dole ne sai na yi shafin? In dole ne, me zan zuba a ciki, me kuma zan riƙa rubutawa?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shafin kam za ki yi shi, amma kada ki ba yaron nan ko kwabo tukuna. Abin da matar Legas ta nema a wurinki kundi ne, shi kuwa kundi ana haɗa shi tun kafin a nemi inda za a ajiye shi. Na sha ganin masu zane sun zuba kuɗi an gina musu shafi mai ƙyalƙyali, sannan suka cika shi da hotunan da aka ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, babu shekara, babu girma, babu sunan aiki. Irin wannan shafin bai fi Instagram ɗin da komai ba, sai dai kuɗin da ya ci.

Ki zauna a kujerar matar nan na ɗan lokaci. Ta danna adireshin da kika tura, abin da ya fara tarbarta shi ne na ƙarshe da kika saka, ko da kuwa fuskar wani ce da kika zana masa a kan kuɗi, ko bidiyon hannunki yana shafa fenti, ko bikin ƙawa. Sai ta yi ta jan allo kafin ta kai ga aikin da kike alfahari da shi. In ta kai, ba ta san ko faɗinsa taƙi ɗaya ne ko ya cika bango ba, ba ta san ko na bana ne ko na aji biyu a makaranta ba, ba ta san ko yana hannunki ko an daɗe da sayarwa ba. Ita kuwa lissafin bango take yi: guda nawa zai ɗauka, wanne zai zauna kusa da wanne, nawa za a kashe kafin a ɗauko su daga Zariya. Kundi shi ne yake amsa mata waɗannan tambayoyi ba tare da ta kira ki ba.

To, mu fara da zaɓe, don a nan aikin yake da ciwo. Ki fito da duk abin da ke hannunki, ki jera a tsakar gida ko ki jingina a bango, waɗanda aka sayar kuma ki duba hotunansu. Daga ciki ki ware goma sha biyu zuwa ashirin. Kada su wuce haka. Mai duba kundi ba ya auna ki da aikinki mafi kyau kaɗai, da mafi rauni ma yana auna ki, domin shi ne yake nuna masa ko kin san bambancin biyun. Aikin da kika sa don kawai ya cike gurbi, ko don kin sha wahala a kansa, ko don Mama tana sonsa, shi zai ja sauran ƙasa. Ki samu mutum ɗaya da ba ya jin nauyinki, tsohon malaminki ko wata abokiyar karatu mai faɗin gaskiya, ku yi zaɓen tare.

Bari in faɗa miki ra'ayina game da abubuwan da kika ce kina zanawa, ko da zai ɗan sosa miki rai. Hawan sallah kusan duk wanda ya riƙe buroshi a Arewa ya zana shi, kuma duk shagon sayar da kayan tsaraba a Abuja da Kano akwai doki da jan rawani a rataye. Wannan bai hana ki sa naki ba, amma ki sa wanda ya ga abin da sauran ba su gani ba: yaron da ke riƙe da linzami, matan da ke leƙe daga soro, ƙurar da ta rage bayan an watse. Inda kunnena ya tsaya a wasiƙarki shi ne zayyana da gine-ginen birni. Mace da ta san layin zayyana da hannunta, ta kuma san zanen bangon gidajen Zazzau da idonta, tana da abin da mai zane a Legas ba zai iya ƙirƙira daga hoto ba. A garinku ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, kuma abin da suka tsaya a kai ke nan: a koyi dabarar da aka zo da ita daga waje, amma a ɗebo abin zanawa daga gida. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, har aka san shi da shi. Ki duba ko zaren da ya ɗinke ayyukanki yana nan tsakanin zayyana da bango. In yana nan, shi za ki sa a gaba, sauran su biyo baya rukuni-rukuni. Zanen fuskokin mutane na kwangila, wanda na san shi ke kawo kuɗin fenti, ki ware masa wurinsa daban, kada ki cakuɗa shi da wannan.

Sai ɗaukar hoto, kuma a nan nake so ki fi ba da lokaci. Yawancin mutanen da za su yanke hukunci a kan aikinki ba za su taɓa tsayawa gabansa ba, hotonsa kaɗai za su gani. Wayar da ke hannunki ta isa, in kin bi ta a hankali.

Ki rataye zanen a bango mai launi ɗaya, a inuwa mai haske, kamar baranda ko bakin zaure, da hantsi ko bayan la'asar. Kada rana ta faɗa a kansa kai tsaye, kuma kada ki haɗa hasken rana da na ƙwan ɗaki, domin launinsu daban ne, gefe ɗaya zai yi ja, ɗaya ya yi shuɗi. Ki goge idon kyamarar da tsumma mai laushi, abin da mutane ke mantawa ke nan. Ki kashe filasha, ki kashe duk wata tacewa da ke gyara fuska ko ƙara launi. Wayar ta tsaya daidai tsakiyar zanen, ta fuskance shi sak, ba daga sama ko daga gefe ba, in ba haka ba murabba'i zai koma kamar bakin kwando, sama faɗi ƙasa tsuke. Ki kunna layukan da ke raba allon kyamara, su za su nuna miki ko gefen kanbas ya miƙe. Kada ki matso kusa sosai, don babban idon waya yana lanƙwasa gefuna. Gara ki ja baya ki yi amfani da ido na biyu mai kusanto da abu, in wayarki tana da shi. Ki ɗora wayar a kan abin tsayar da kyamara mai ƙafa uku, ko ki jingina ta da littattafai a kan kujera, ki sa mata ƙidayar daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza ta.

Zanen marina zai ba ki wahala ta musamman. Shuɗin baba mai duhu yana rikita kyamarar waya: wani lokaci ta mai da shi baƙi, wani lokaci ta ja shi zuwa shunayya. Ki manna farar takarda a gefen zanen lokacin ɗauka. Idan kika zo gyara, a manhajar gyaran hoto ta Snapseed ko makamanciyarta, sai ki daidaita haske har takardar ta zama fara sak, sannan ki yanke ta. Ki riƙe wayar kusa da ainihin zanen ki kwatanta da idonki. Lokacin hunturu hazo yana ba da haske mai laushi da babu inuwa, yana da daɗin ɗauka, sai dai yana ɗan rina komai da jan ƙura, don haka farar takardar ta fi zama dole a lokacin. Ki ɗauki hoto kafin ki shafa man sheƙi, kafin kuma a sa aikin a firam mai gilashi, domin da zarar ya shiga gilashi kanki da tagar ɗakinki za ki riƙa gani a ciki. Zayyanar da ke kan takarda kuwa, in ba ta fi girman na'ura ba, ki kai shagon kwamfuta a yi mata sikanin a kan awo 300 ko sama, awon da masu shagon suke kira dpi. In akwai ruwan zinare a jiki, sikanin yana kashe ƙyallinsa, sai ki ƙara da hoto ɗaya daga ɗan gefe.

Kowane aiki ki yi masa hoto na gaba ɗaya, sannan ɗaya ko biyu na kusa da ke nuna kaurin fenti da sawun buroshi. Manya kuma ki ƙara musu ɗaya a jikin bango kusa da ƙofa ko kujera, don ido ya gane girmansu. Wajen gyara, iyakarki yankewa da miƙewa da dawo da launin gaskiya. Kada ki ƙawata hoto ya fi zanen kyau. Ranar da mai saye ya buɗe kwali ya ga jan bai kai na waya ba, kin rasa shi, kin kuma rasa duk wanda zai ba labari.

Ainihin hotunan masu nauyi ki adana su wuri biyu: Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, sai kuma filashi ko faifan ajiya da za ki kulle a durowa. Kada ki ɗauki WhatsApp a matsayin ma'ajiya, yana matse hoto ya rage masa inganci. In za ki tura wa wani ta nan, ki tura shi ta hanyar fayil. Ki kuma daina barin hoto da sunan lambobin da waya ta ba shi, ki sa masa sunanki da sunan aikin da shekara.

Akwai abin da ba a koya mana sosai a makaranta, wato rijistar aiki. Ki sayi littafi mai kauri irin na 'yan kasuwa. Kowane zane ya samu lamba, suna, shekara, kayan da aka yi shi da su, tsayi da faɗi a santimita, tsayi ake fara rubutawa, sannan inda aka nuna shi, wanda ya saya, ranar da ya saya da nawa. Wannan lambar ki rubuta ta a bayan kanbas tare da sa hannunki. Daga wannan littafi ne bayanin da ke ƙarƙashin kowane hoto zai fito, a tsari ɗaya da ba ya canzawa, misali: Rini Kafin Azahar, 2024, akirilik a kan kanbas, 90 × 120 santimita. Kada ki raina wannan. Tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira ashirin, ana gane su a yau a gidajen gwanjo na Turai da hatimin LK da ke jikinsu tare da hatimin cibiyar tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, na 1974, ya ɓace shekaru da dama, amma kwafinsa da aka buga yana rataye a gidajen 'yan Najeriya, don haka sunansa bai mutu ba. Da aka gano shi a wani gida a Landan, an sayar da shi a gidan gwanjo na Bonhams a 2018 a kan fam miliyan 1.2. Zane yana barin hannun mai shi ya shiga duniya. Hoto mai kyau da rubutaccen bayani su ne abin da zai rage miki, su ne kuma shaidarki in an yi gardama.

Yanzu ga maganar shafin. Dalilin da ya sa na ce za ki yi shi shi ne, a Instagram da Facebook ke 'yar haya ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Kina iya tunawa a watan Yunin 2021 gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Duk wanda kasuwarsa ke can kaɗai ya zauna wata bakwai yana lalube. Ban da wannan, kullum ana sace asusun mutane, ana rufe wasu bisa kuskure, kuma kamfanin ne yake zaɓen wanda zai ga abin da kika saka. Ki ci gaba da amfani da su, nan ne kasuwa take ci, amma ki samu gidanki da za ki riƙa turo mutane.

Abu biyu ne suke haɗuwa su zama shafi: adireshi, wanda masu aikin suke kira domen, da kuma wurin da ake ajiye hotuna da rubutun. Adireshin shi ne ya fi muhimmanci, kuma shi ne mai araha. Ki sa sunan da kike sa hannu da shi a zane, gajere, wanda za ki iya faɗa a waya a rubuta ba kuskure. Ki guji karan ɗori (-) da lambobi, kuma haruffanmu masu ƙugiya ki rubuta su da k da d da b na yau da kullum a cikin adireshin, don ba kowa ke da su a madanninsa ba. Mai ƙarewa da .com ya yi, mai ƙarewa da .ng ko .com.ng ma ya yi. Na Najeriya ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, ana saye ta hannun kamfanonin da ta amince da su, kuma da naira ake biya, wanda ya raba ki da wahalar katin dala. Duk shekara ake sabuntawa, ki rubuta ranar a littafin nan naki.

Ga inda nake roƙonki ki saurare ni da kyau. Adireshin ki saya da kanki, da sunanki, da imel ɗinki, da lambar wayarki, ko da wani ne zai gina miki shafin. Wani ɗalibina ya taɓa ba wani ya yi masa komai, mutumin ya yi rijistar adireshin da nasa imel. Bayan shekara suka sami saɓani, lokacin sabuntawa ya zo, mutumin ya daina ɗaukar waya. Shafin ya mutu, alhali adireshin na buge a kan katinsa da kan takardar baje kolin da ya shiga. Na ga yadda abin ya karya masa gwiwa, kuma ba na so in sake gani. In daga baya kin ɗauki yaron nan aiki, ku rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa, wa zai biya sabuntawa, ya miƙa miki kalmar sirri ta babban mai iko da shafin, ya kuma zauna ya koya miki yadda za ki saka sabon hoto da kanki. Shafin da sai kin kira wani kafin ki ƙara zane ɗaya, cikin wata shida zai tsufa.

Game da inda za ki gina, a halin da kike ciki ba sai kin kashe kuɗi masu yawa ba. Google Sites kyauta ne, yana kuma yarda ki ɗaura masa adireshin da kika saya, sai dai gyaransa yana son kwamfuta, don haka ki ari ta wani ko ki shiga shagon kwamfuta yini ɗaya ko biyu, kin gama. Blogger ma kyauta ne, yana karɓar adireshinki, ya kuma fi sauƙin sarrafawa a waya, amma an gina shi don rubutu ne, jera hotuna a cikinsa yana son haƙuri. Behance na kamfanin Adobe kyauta ne, ya fi dacewa da masu zanen kwamfuta da tambari, ko da yake mai fenti ma zai iya ajiye kundi a can. Squarespace da Wix suna da tsare-tsare masu kyan gani, amma biyansu na wata-wata ne da kuɗin waje, kuma in kin gaza biya adireshinki ya daina nuna shafin yadda kika tsara. WordPress da ake ɗorawa a ma'ajiyar da kika yi haya shi ne ya fi ba da 'yanci, mai yiwuwa shi yaron yake nufi, amma yana buƙatar kulawa da sabuntawa a kai a kai. In ni ne ke, da Google Sites da adireshina zan fara, in ƙaura daga baya in aiki ya buɗe. Tunda adireshin naki ne, ƙaura ba ta ɓatar da kowa.

Tsarin ciki kuwa, kada ya wuce ɗaki huɗu: ayyuka, bayani game da ke, jerin karatu da baje kolin da kika shiga, sai yadda za a same ki. Wanda ya shigo ya fara cin karo da zane, ba doguwar maraba ba. Bango fari ko toka mai haske, babu kiɗa, babu rubutu mai yawo, babu furanni a gefe. Hotunan da za ki ɗora ki rage su zuwa fiksel 1500 ko 2000 a gefe mafi tsawo, nauyin kowanne kada ya wuce kilobait 500. Shafukan Squoosh da TinyPNG suna yin wannan kyauta daga cikin waya. Idan kin gama, ki buɗe shafin a ƙaramar wayar wani, a inda sabis ke da rauni. In ya buɗe a can, zai buɗe a ko'ina, kuma ba ki cinye wa mutane data ba. Ki duba kuma ko salon rubutun da kika zaɓa ya san ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa ba su sani ba, sai ki ga harafin ya fito da wani fasali daban ko ya zama ɗan akwati. Noto Sans da Andika suna ɗauke da su.

A wurin tuntuɓa ki sa imel da lambar da kika ware don sana'a. WhatsApp Business ya dace da wannan. Sunan gari ya isa, kada ki sa adireshin gidanku.

Harshe biyu nake ba ki shawara, Hausa da Turanci. Masu shirya baje kolin Art X Lagos, da gasar matasan masu zane ta LIMCAF da ake yi a Inugu, da irin zaman aikin da gidauniyar G.A.S. ta Yinka Shonibare ke bayarwa, duk da Turanci za su karanta ki. In wata rana idonki ya kai baje kolin Dak'Art a Dakar ko wani baje koli a Yamai, Faransanci zai shigo. Amma sunayen zanenki ki bar su da Hausa, ki sa fassara a gefe. Sunan wani ɓangare ne na aikin.

Kin tambayi me za ki rubuta. Rubutu iri biyu ne. Na farko gajeren bayanin aikinki ne, wanda kowace takardar neman shiga baje koli za ta nema, kalma 150 zuwa 250. Ki faɗi abin da kike zanawa, da me kike yi, da abin da ya ja ki gare shi. Ki guji manyan kalmomin da kowa ke kwafowa, irin su ina bayyana kyawun al'adun Afirka. Wannan jimlar ta dace da mutum dubu, don haka ba ta ce komai game da ke ba. Ki ce wace unguwa, wane bango, wa ya koya miki riƙe alƙalamin zayyana, me ya sa shuɗi ya fi yawa a aikinki. Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su ɗauki muryarsu suna yi wa ƙanensu bayanin zanen da Hausa, sannan su rubuta abin da suka ji kansu sun faɗa. Kusan kullum ya fi wanda suka zauna suka ƙaga.

Na biyu shi ne rubuce-rubucen da za ki riƙa ƙarawa lokaci zuwa lokaci. Ba dole ba ne, kuma in kin san ba za ki ɗore ba, kada ki buɗe wurin. Rubutu ɗaya tilo mai kwanan watan shekara biyu baya yana sa a ɗauka kin bar sana'ar. Amma in za ki iya sau ɗaya a wata, ina ƙarfafa ki ƙwarai. Injin bincike irin Google da rubutu ya fi gane abin da shafi ya ƙunsa, don haka kalmominki ne za su jawo wanda bai san sunanki ba. Bayan wannan, rubutun Hausa a kan zane daga bakin masu yin sa ya yi ƙaranci matuƙa, kuma abin yana damuna. Ki rubuta yadda zane ɗaya ya taso daga fensir har ya kammala, da hotunan matakan. Ki rubuta ranar da kika je marina, ta garinku ko ta Ƙofar Mata a Kano, abin da marini ya gaya miki game da toka da baba da kwanakin da rini ke yi kafin ya nuna. Ki rubuta yadda akirilik ke bushewa a kan buroshi lokacin hunturu da dabarar da kika samo. Ki rubuta labarin gidan da kika zana aka rushe shi bayan wata uku, in hakan ta taɓa faruwa da ke, domin zanenki ya zama shaida ke nan. Wanda duk za ki sa hotonsa ko maganarsa, ki nemi izininsa tukuna, musamman dattawa da mata.

Farashi, ga wadda ke sayarwa da kanta, gara ki rubuta shi, ko ki faɗi daga nawa ƙananan ayyuka suke farawa, don mutane da yawa kunyar tambaya suke ji. Amma da zarar kin shiga yarjejeniya da gidan baje koli, farashinki da nasu ya zama ɗaya. Suna cire kasonsu daga ciniki, kuma in suka gane kina karyar da kaya ta bayan gida, hulɗar ta ƙare. Aikin da aka sayar ki bar shi a kundi, ki rubuta an sayar.

Na san za ki ji tsoron satar hotuna. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, zanenki naki ne tun daga ranar da kika yi shi, ba sai kin yi rijista ba, kuma kariyar tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar mai zane. Wanda ya sayi kanbas bai sayi ikon buga shi a kalanda ko atamfa ba, sai in kun rubuta hakan. Ki sa wannan a rasit ɗinki. Babban tambarin suna da ake shimfiɗawa a tsakiyar hoto ba na son sa, yana ɓata aikin ga mai kallon kirki, ɓarawo kuwa yana iya goge shi. Ƙaramin hoton da na ce ki ɗora ya isa kallo a allo amma ba zai yi babban bugu mai kyau ba, mai nauyin kuma yana wurinki a matsayin hujja. Ki kuma shirya wa 'yan damfara, don suna bin masu zane sosai. Wanda ya ce zai sayi aikinki a matsayin NFT, wato shaidar mallakar hoto da ake sayarwa a intanet, a kan kuɗi masu yawa amma sai kin fara biyan kuɗin rijista, ɓarawo ne. Haka wanda ya ce ya turo fiye da kuɗin, ki mayar masa da ragowar. Kada zane ya bar hannunki a kan saƙon alat, sai kin buɗe asusunki kin ga kuɗin da idonki. Imel da Instagram ɗinki duka ki sa musu tabbatarwa mai mataki biyu yau ɗin nan.

Matar Legas kuma ba sai kin jira shafi ya kammala ba. Da zarar hotuna goma sha biyun nan sun samu, ki buɗe Canva ko Google Slides a wayarki, ki sa zane ɗaya a kowane shafi da bayaninsa a ƙasa, shafin farko sunanki da garinku, na biyu gajeren bayanin aikinki, na ƙarshe karatu da baje koli da lambar waya da imel. Ki fitar da shi a PDF da bai wuce megabait 10 ba, ki sa wa fayil ɗin sunanki da shekara. Ki tura mata ta imel da layi uku ko huɗu: gaisuwa, tunatarwa cewa ita ta nemi kundin kwanakin baya, da waɗanne ayyuka ne suke hannunki yanzu a Zariya. In mako biyu ya wuce ba amsa, ki sake tuntuɓa sau ɗaya, sannan ki tura kundin wani wurin.